Takalman Yaya Tsaf a Gidan Baje Koli

Duk wanda ya san yayana ya san shi da buroshi. Ba sayarwa yake yi ba, yawo yake da shi a aljihun wando na dama, ɗan ƙarami mai baƙin gashi, a naɗe cikin tsumma. Wasu mazan in za su fita makulli suke lalubawa, shi kuwa buroshin takalmi. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa Tsaf tun yana saurayi, sunan ya bi shi har ya danne na gaskiyar. Ni dai Yaya nake ce masa, sai in ya ɓata mini rai in ce Yaya Tsaf, in ja ƙarshen yadda zai ji a jikinsa.

Ni ce ƙanwar da ke bi masa, kuma ina jin ni ce jarrabawar da aka aiko masa. Ni in na cire takalmi ɗaya a bakin ƙofa, ɗayan sai an kwana ana nema. Da muna yara ɗaki ɗaya muke ajiye kayanmu, sai ya samo alli ya ja layi a tsakiyar ɗakin, ya ce nan nasa, can nawa. In ɗankwalina ya tsallaka layin, ba zai yi faɗa ba. Zai ɗauka da yatsa biyu, ya ninke shi gida huɗu, ya ajiye mini a gefena, ya kalle ni. Wallahi gara a mare ni da wannan kallon.

Da ya isa aiki sai ya shiga masaƙar garinmu, wadda a lokacin rabin mazan unguwa can suke cin abinci. Ya fara da share burɓushin auduga a ƙarƙashin injuna, a hankali har aka damƙa masa layin injin saƙa guda yana kula da shi. Wanda bai taɓa ganin tashin ma'aikatan masaƙa ba ba zai gane ba. Jiniya na kaɗawa za ka ga maza sun ɓarko daga ƙofa fari fat, gashi da gira da gashin baki duk auduga, saurayi ya koma tsoho. Sai can a ƙarshe ka hango mutum ɗaya baƙi wuluk, riga a soke, takalmi yana ɗaukar ido. Ya tsaya a bakin famfo ya kakkaɓe kansa tun daga ƙeya har dunduniya kafin ya yarda titi ya gan shi. Matarsa takan ce a duk matan ma'aikata ita kaɗai ce mijinta ke dawowa daga aiki ya fi yadda ya fita kyau.

Shi in ya haɗu da mutum, ƙafa yake fara kallo kafin fuska. Samari nawa ya kora mini ta haka, Allah kaɗai ya sani. Wani ya zo da mota, Yaya ya leƙa ƙasa ya ce, “Wannan ba zai riƙe gida ba, ko igiyar takalminsa bai iya riƙewa ba.” Wanda na aura, Allah ya jiƙansa, sai da muka haifi na biyu ya gaya mini takalmin da ya zo gaishe da Yaya da shi na aro ne.

Wata safiya jiniya ba ta kaɗa ba. Aka ce gyara za a yi na ɗan lokaci. Lokacin ya yi ta miƙewa har ciyawa ta fito a bakin ƙofar masaƙa, awaki suka samu wurin kiwo. Maza suka watse, wasu suka koma dako, wasu gadi, wasu suka zauna a gindin bishiya suna jiran labari har jiran ya zame musu sana'a. Yaya kuwa ya goge takalman aikinsa, irin masu nauyin nan da ƙarfe a baki, ya naɗe su a jarida, ya ɗora a kan kabad. Ya kama wani ɗan shago a bakin layi ya fara wanki da guga. A gaskiya sana'ar ta dace da shi fiye da yadda ya dace da ita, don akwai masu kawo kaya da suka daina zuwa saboda yana yi musu faɗa a kan yadda suke cin abinci da farar riga.

Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, ko sau ɗaya. Masu zuwa yi masa jaje sai ya zaunar da su, ya zuba musu shayi, ya shiga tambayarsu ciwon ƙafa da karatun yara, har su tashi suna jin kamar su aka zo yi wa jajen. Kalmar da ya tsana a duniya ita ce “Allah sarki”. In ka faɗe ta a kansa, ka gama cin arzikinsa na wannan makon. Ni na san yana jin ciwo, don jini ɗaya muke, amma ko ni ban isa in nuna na sani ba.

Autarsa tana ƙarama aka rufe masaƙar, saboda haka a shagon guga ta tashi. Kwalayen da yake sa wa a wuyan riga don ta tsaya, su take kwashewa tana zane a kai. Da ta girma ta ce fannin zane-zane za ta karanta, bai hana ta ba. A tunaninsa za ta fito tana zana hotunan manyan mutane ana ratayawa a ofisoshi, ko aƙalla allunan shaguna masu rubutu a miƙe. Sai ga Auta ta fito tana rataya jarkoki marasa ruwa a rufin ɗaki, wai tana magana ne a kan wahalar ruwa. Da aka nuna masa hoton a waya, ya juya wayar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, “To ina zanen?” Tun daga nan duk baje kolin da ta yi sai ya ce, “Ranar da kika yi wanda zan gane, zan zo.” Takan yi dariya, amma ni gwaggonta ce, na san dariyar da ke fitowa daga ciki da wadda ake yi don kar a yi kuka.

Gidan baje kolin garinmu tsohon gidan waya ne, aka fasa kantocin, aka shafe bango da farin fenti, aka jera ƙananan fitilu a sama. Abin da suka fi nunawa shi ne abubuwan da ke damun jama'a: an yi na layin asibiti, an yi na ledojin da suka toshe kwatoci, an yi na yaran da ke barin makaranta. Ni ina yawan zuwa, kuma ba zan yi ƙarya ba, da farko sanyin wurin da kujerunsa ne suka ja ni. Akwai wani dattijo mai gadin zauren, dogo siriri, wanda tun da na san shi magana ɗaya na ji yana yi, “Ba a taɓawa.” Ko gaishe shi ka yi, sai ka ga kamar ita ce za ta fara fitowa.

A nan aka ba Auta zaure guda, karo na farko a garinsu, ta ce a kan masaƙa za ta yi. Dabararta ita ce ta tara takalman aikin mutanen da aka sallama, ta jera su a layi tun daga ƙofar zaure har bangon ƙarshe, inda ta jingina wani ɓangare na tsohuwar ƙofar ƙarfen masaƙar, kamar dai mutane sun yi layin shiga aiki amma babu mutanen. Lokaci-lokaci kuma jiniya ta kaɗa daga lasifika. Ta bi gida-gida tana roƙo. Aka yi ta zaƙulo mata su daga ƙarƙashin gado da bayan ɗaki, wasu sun tsage, wasu ɓera ya ci harshensu, wasu gizo-gizo ya yi gida a ciki. Yadda aka ba ta, haka ta ajiye su.

Na ubanta ta bari a ƙarshe, kuma ba ta iya tambaya da kanta ba, ni ta turo. Na same shi yana guga na faɗa masa. Ya daɗe yana kai dutsen guga yana kawowa a kan hannun riga ɗaya, sannan ya ce, “Mutane za su gani?”

Na ce, “To da aljanu za su gani? Baje koli ne fa, Yaya.”

Ya ce, “Ta zo jibi.”

Da na san abin da jibin nan ke nufi, da a ranar na hau kujera na sauko da su da kaina. Ashe wurin mai gyaran takalmi ya kai su. Aka sa sabon tafi, aka ɗinke inda ya ɓaɓɓake, aka zura sababbin igiyoyi. Ya dawo gida ya zauna ya bi su da mai, ya goge, ya ƙara, ya goge, har matarsa ta ce tana iya ganin haƙoranta a ciki. Shi a wurinsa lissafin a fili yake: abin da za a kai gaban jama'a, ai gyara shi ake yi.

Ina wurin Auta ta buɗe jaridar. Ta dafa kai.

“Gwaggo, me Baba ya yi musu?”

“Ya yi musu abin da yake yi wa komai. Ke ma da kin tsaya kusa da ya goge ki.”

“Ai sun zama sababbi! Wa zai ga wannan ya ce mai shi ya yi shekaru yana jiran a buɗe ƙofa?”

Ta sa su a tsakiyar layi ta ja da baya. Gaskiyarta ne. Duk zauren ya dushe, su kaɗai ke walƙiya, kamar wani babban baƙo ya ɓata hanya ya faɗo layin talakawa. Ta yi ta zagaye su, can sai ta samo rariya, ta ɗebo ƙura da ɗan burɓushin auduga ta bi su da shi sama-sama. Na ce mata, “'Yar nan, ubanki zai ji wannan ƙurar a maƙogwaronsa yana daga shago.” Ta ce ai ba zuwa yake yi ba, ina zai gani.

Ana gobe buɗewa sai ga shi. Mutumin da bai taɓa taka gidan ba, ya shigo da rana tsaka, riga ta sha sitaci. Bai kalli bango ba, bai kalli ƙofar ƙarfe ba, ajiyarsa ya zo dubawa. Ni ina zaune a kujerata ina shan sanyi, Auta tana can ciki da masu haɗa waya. Na ga idonsa ya bi layin ya tsaya cak. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake igiyar da aka kewaye takalman da ita, ya tsuguna, hannu ya tafi aljihun dama.

“Ba a taɓawa!” in ji mai gadi.

Yaya bai ko ɗago ba. “Nawa ne.”

“Ko na waye. Ba a taɓawa.”

“Malam, na girme ka a cikin takalmin nan. Ka bar ni in cire masa dattin da sakacinku ya jawo. Zaure guda kamar wannan a rasa mai shara?”

Mai gadi ya ji an taɓa aikinsa, ya ce ƙurar ta cikin aikin ce, da gangan aka zuba. Yaya ya ɗago a hankali ya ce, “Da gangan? Wane mara kunya ne?”

“Ni ce, Baba.”

Auta ce ta fito, hannunta duk fenti. Na gyara zama, don na san yau za a yi ta. Amma ba su ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Ya ce, “Ke kika zuba wa takalmina ƙasa?”

“Baba, ka duba sauran. So nake mutane su ga abin da aka yi muku.”

“So kike su zo su tsaya a kaina su ce Allah sarki.”

“Ba haka ba ne.”

“Haka ne mana. Na yi shekaru ina hana mutane faɗar kalmar nan a ƙofar gidana, yau 'yata ta kama zaure guda da fitilu ta gayyato gari su zo su faɗa. An rufe masaƙa, na ji. An ce mu tafi gida, na tafi. Amma ba wanda ya taɓa ganina da datti, kuma ba za a fara a hannunki ba.”

Ta ce, “In na bar su suna sheƙi, na yi ƙarya. Kamar na ce ba abin da ya same ka.”

“To me ya same ni?”

Ta kalle shi, idonta ya kawo ruwa. “Baba, ni fa ina gidan. Kullum da safe, lokacin da jiniya ta saba kaɗawa, sai in gan ka zaune a bakin gado ka sa safa, kana kallon bango. Sai Umma ta kira sunanka kake cirewa. Har na shiga sakandare kana yi. Ka ɗauka ba na gani?”

Ban taɓa sanin wannan ba, ni da nake taƙamar na san shi ciki da bai. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, kuma na san in ya ga tausayin a fuskata ba zai yafe mini ba, sai na shiga gyaran ɗankwali. Shi kuwa ya miƙe. Ya ɗauki takalmansa, ɗaya a kowane hannu, ya tsallake igiya, ya yi wa mai gadi sallama cikin ladabi, ya fita. Aka bar giɓi a tsakiyar layi.

Na ce wa Auta ta matso da na baya ta rufe wurin. Ta ce a'a. Ta zauna a ƙasa kusa da giɓin ta ce, “Gwaggo, duk wannan abin saboda shi na yi. Na ce wannan karon dole ya gane, tunda rayuwarsa ce. In bai zo gobe ba, ba zai taɓa zuwa ba.” Ni ma na san haka ne. Yaya in ya juya wa abu baya, ko ƙeyarsa ba ta waiwaye.

Washegari na shirya da wuri na biya ta shago. Na same shi yana guge wata riga da ko makaho ya shafa ya san an riga an goge ta. Takalman suna kan benci a cikin leda, ya sake goge su.

Na ce, “Yaya Tsaf, tashi mu tafi.”

“Ina da aiki.”

“Wane aiki? Rigar nan in ka ƙara mata wuta sai ta kai ƙararka. Yarinya ta tara gari, shugabanni za su zo, abokan aikinka duk za su zo, a ce uban mai abu yana nan yana ƙona rigar mutane?”

Ya ɗago. “Su wa za su zo?”

“Duk wanda ya ba da takalmi an gayyace shi.”

“Da waɗannan takalman nasu a baje a gaban mutane?” Ya girgiza kai, abin ya dame shi da gaske. “Kai, mutanen nan ba su da kunya.”

“To ka zo ka nuna musu yadda ake riƙon takalmi mana. Ko tsoro kake ji?”

Na san inda nake taɓawa. Ya kashe dutsen guga, ya ce zai raka ni ne kawai saboda titin akwai motoci kuma ni ba na duba hanya. Ya ɗauki ledar, wai ba ya son barin ta a shago saboda ɓeraye. Shagon da ko ƙuda sai ya nemi izini kafin ya shiga.

Muka tarar zaure ya cika. Ga ɗalibai da wayoyi a sama, ga manya masu ƙamshin turare, ga kuma tsofaffin ma'aikata an sha wanka, kowa da rigar da ya fi ji da ita. Abin da ban zata ba shi ne dariya. Sun bi layi suna neman nasu, suna tsokanar juna. Wani ya ce, “Ga naka can, wallahi har yanzu da warinsa!” Wani ya ce a dubi girman na wane, da shi aka riƙa auna filin ƙwallo. Da jiniya ta kaɗa daga lasifika kuwa, sai na ga tsofaffin nan duk sun miƙe ƙafa sun gyara tsayuwa ba su sani ba, sannan suka kalli juna, dariyar ta ɗan yi sanyi.

Wata mata mai tabarau a gefenmu ta dafa ƙirji ta ce, “Allah sarki, bayin Allah.” Na ji Yaya ya sandare. Na riƙe masa gefen riga don kar ya juya, ya fizge, amma bai fita ba. Sai ya fara bin layin daga gaba, kansa a ƙasa kamar yadda ya saba, yana gane mutane ta ƙafafunsu. “Wannan na mai rini ne. Wannan na dogon nan ne na ɗakin zare, dubi yadda yake taka gefe.” Ya wuce giɓin da ya bari bai ko kalle shi ba. Auta tana can gefe shugabar gidan tana gabatar da ita ga baƙi, tana amsa musu da baki, idonta yana kan ubanta.

A can ƙarshen layi, dab da ƙofar zaure, har an ɗan bar tazara tsakaninsu da na gabansu, akwai wasu takalma da suka fi kowanne muni. Fatar ta yi fari ta tsattsage, dunduniyar hagu ta cinye ta gefe ɗaya, kuma maimakon igiya, jar wayar lantarki aka zura aka ƙulle. Yaya ya tsaya.

Na Ɗan Latti ne. Injinsa yana kusa da na Yaya tun suna samari, kuma ba a taɓa haɗa mutum biyu da suka saɓa kamar su ba. Kullum shi ne na ƙarshen shiga, yana gudu yana cusa riga a wando, burodi a baki. Bai taɓa sayen man takalmi ba a rayuwarsa. Duk ƙarshen mako Yaya sai ya ƙwace takalman nan da ƙarfi ya goge su yana zaginsa, shi kuwa yana zaune ba takalmi yana dariya yana cewa a ƙara mai ta gefen hagu. Bayan an rufe masaƙa da 'yan shekaru tari ya kama shi, irin wanda audugar ke bari a ƙirji, ya tafi. Matarsa ce ta ba Auta takalman, ta ce a sa su a baya, don in aka sa shi a gaba ba wanda zai yarda nasa ne.

Yaya ya ajiye ledarsa, ya tsallake igiya, ya tsuguna. Mai gadi ya taho da sauri baki a buɗe, na tare shi na ce, “Malam, yau dai ka haɗiye ta.” Ya kalle ni, ya kalli Yaya, ya haɗiye.

Buroshi ya fito. Ya warware tsumman, ya ɗaga hannu. Na ga Auta ta baro baƙinta ta taho, ta tsaya a bayansa. Hannun ya daɗe a sama. Sai ya sauke buroshin a kan gwiwarsa, ya kai yatsa ya taɓa ƙullin wayar nan.

“Shi ya ƙulla wannan,” ya ce, ba da kowa yake ba. “Haka yake ƙulli, kamar zai ɗaure akuya. Na koya masa har na gaji.” Ya leƙa cikin takalmin. “Dubi auduga. Tun ta ranar ƙarshe ce. Ranar na ce ya kawo in goge, ya ce a bari sai an dawo.”

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe. Ya yi gyaran murya, ya naɗe buroshi a tsumma ya mayar aljihu, bai taɓa fatar ba. Ni kam na daina ɓoyewa, kuka nake yi sosai, kuma ban damu ko ya gani ba.

Ya jawo ledar ya fito da nasa, suna walƙiya har fitilun sama suna rawa a kansu. Bai kai su giɓin tsakiya ba. Ya ajiye su a tazarar da ke gaban na Ɗan Latti, ya daidaita bakinsu, ya ɗan ja su baya har dunduniyarsu ta kusa taɓa na abokin.

“Nan nake tsayawa,” ya ce wa Auta. “In na shiga da wuri ba mai riƙe masa ƙofa. Kar ki zuba musu komai.”

“Ba zan zuba ba, Baba.”

“Nasa kuma kar wanda ya goge.”

“To, Baba.”

Ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Ta miƙa masa hannu, hannun nan mai fenti a gefen farce, ya kama ya miƙe. Na jira in ga ya saki ya duba tafinsa. Bai saki ba. Ya ɗaga kai, karo na farko tun shigowarsa, ya dubi bangon, ya dubi ƙofar ƙarfen, ya dubi zauren gaba ɗaya.

Ya ce, “To, nuna mini aikin naki. Daga ina ake farawa?”

Sai ta nuna masa farkon layin da ɗaya hannun, suka tafi.